Merle Dvorak da Katin Likita

Ranar Talata ce ta mako na uku, hantsi ya ɗaga. Yesenia Barragan tana kan sitiyari, tana fama ta cusa bayan tirela tsakanin robobin da aka jera a filin makarantar koyon tuƙin manyan motoci da ke bayan garin Grand Island. Malaminta, Merle Dvorak, yana kujerar gefe da kofin gahawa a hannu, yana ta mita yadda ya saba.

"A hankali, Farfesa, wa ya biyo ki? Madubin hagu. Na ce na hagu! Ashe a jami'a ba sa koyar da hagu da da..."

Maganar ta yanke. Da ta waiwaya sai ta ga kofin ya suɓuce ya faɗa kan takalminsa, hannunsa na dama ya sauka kan cinya kamar ba nasa ba. Bakinsa yana motsi, amma abin da ke fita ba magana ba ce, gunaguni ne irin na mai barci. Gefen leɓensa ya saki. Idanunsa kuwa a buɗe suke, suna kanta, cike da tsoro.

Ta taka birki, ta ja maɓallan birkin iska, motar ta yi huci ta tsaya. Ta zaro waya, tana kiran sunansa. Daga baya ta ƙiyasta minti uku suka yi a haka. Kafin ta gama danna lambar motar asibiti, hannunsa na hagu ya sauka a kan wayar.

"Ajiye," in ji shi. Kalmar ta fito da nauyi, amma ta fito.

"Mista Dvorak, bakinka ya karkace."

"A karkace aka haife shi, tambayi matata." Ya ɗaga hannun daman, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. "Kin gani? Kwanciya na yi a kansa. Jijiya ce."

"Jijiya ba ta hana mutum magana."

"Likitanci kika karanta?"

"Labarin ƙasa."

"To ki bar ni da jikina, ni ma in bar ki da duwatsunki."

Ya yi dariya, amma ba ta je ko'ina ba. Ya sunkuya ya ɗauki kofin, ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Saurara, yarinya. Saura kwana goma in je a sabunta mini katin likita. In wannan magana ta shiga takarda, sun karɓe shi ke nan, sai bayan shekara guda su mayar mini, in na yi sa'a. Shekarata sittin da huɗu. Wanda ya sauka a shekaruna ba ya sake hawa. Ki bari in karɓi katin, ku ma ku gama, sai in je a duba ni a nitse. Na yi miki alkawari."

Ta ce to. Ta saki birki, ta ci gaba da ribas, ta take robobi biyu.

Ba mai jan babbar mota sai da wannan kati, malami ne ko ɗalibi. Likita zai auna jininka, ya duba idonka da kunnenka, ya ba ka takarda ka cika da hannunka: ka taɓa suma, ka taɓa jin wani sashe na jikinka ya mutu, e ko a'a. Mai ƙoshin lafiya a ba shi na shekara biyu. Merle, saboda hawan jini, ya yi shekara shida yana karɓar na shekara guda. Direbobi kuwa ba sa tona wa juna asiri a kan kati. Za su tsayar da kai a gidan mai su gaya maka tayarka ta yi sanyi, ko fitilar bayanka ta mutu, amma jikin mutum nasa ne. Wanda ya kai ƙarar ɗan'uwansa ga likita ya cire masa abinci daga baki, haka suke gani, kuma ɗalibi yakan ɗauki wannan tun kafin ya iya sa giya.

An haifi Merle a wata gona kusa da garin Ord, jikan mutanen ƙasar Cek da suka zo noman masara. Ya fara jan motar masarar mahaifinsa zuwa rumbun gari tun bai mallaki reza ba. Da gonar ta kuɓuce musu, a shekarun da gonaki da yawa suka kuɓuce wa masu su, sai ya hau titi. Ya ɗauki shanu, ya ɗauki taki, ya ɗauki nama a motar sanyi zuwa gabas da yamma. Shekara talatin da ɗaya, mil miliyan uku, bai taɓa goge fentin motar kowa ba. Kamfani ya ba shi kan bel na azurfa saboda haka, yana buɗe kwalba da shi. Matarsa Arlene a gidan rawa ya same ta, tana aiki a kicin na makarantar firamare. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta bi shi a mota shekara biyar, tana riƙe masa taswira, tana gardama da shi a kan hanya, sai ciwon mahaifiyarta ya dawo da ita gida.

Ciwon gwiwoyi ne ya sauke shi daga mota. Ya yi wata huɗu a gida. Kowace safiya Arlene ta leƙa taga sai ta gan shi zaune a cikin a-kori-kurarsa a ƙofar gida, injin a kashe, hannu biyu a kan sitiyari. Ita ta ga tallar makarantar a jarida, ita ta kira, ita ta goge masa riga. Shekara takwas ke nan.

Ranar farko ta kowane aji yakan tara ɗalibai a gindin mota, iska na kaɗa musu huluna, ya ce:

"Ku manta da motocinku na gida. Abin da kuka iya shi zai cuce ku a nan. Ku zo da takalmi rufaffe da safar hannu, ku karya kumallo, don mai yunwa ba ya ganin madubi. In za ku sauko, ku fuskanci mota, hannu biyu a riƙe, kada wanda ya yi mini tsalle, ga gwiwoyina shaida. In kuna ribas kuka yi shakka, ku ja birki, ku sauka, ku je ku gani da idonku. Sau goma in ta kama. Wanda ya yi muku dariya ba shi zai cika takardar haɗari ba."

Kullum da safe sai ya sa sun zagaya motar, suna taɓa kowane abu suna kiran sunansa da ƙarfi, suna bugun tayoyi da gora, suna kasa kunne ko iska na zurarewa. "Abin da kuka gani ku rubuta," yake cewa. "Bututun da ya tsage ba ya haɗewa da kansa don kun kau da kai."

Yesenia ta gama jami'a a garin Kearney a watan Mayu, ita ce ta farko a gidansu. Ta nemi aiki wuri arba'in da wani abu, uku suka amsa, duka da ban haƙuri. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da biyu yana yankan nama a babbar mayanka, yatsunsa ba sa dunƙulewa. Ranar da ta ce za ta koyi tuƙin tirela, ya ajiye cokali ya ce ba don wannan ya tsaya cikin sanyi ba. Ta zo makarantar da wannan magana a wuyanta. Littafi ta cinye shi a kwana uku, amma ribas ya gagare ta. In ta murza dama bayan ya tafi hagu, in ta gyara ya naɗe kamar wuƙar aljihu. Malamin da aka fara ba ta ya ce mata, a gaban mutane, gara ta nemi aikin tebur.

Merle ne ya ce a ba shi ita. Ya kawo motar wasan yara daga aljihun jaket, ya ɗora a teburin ɗakin hutu, ya sa ta tura ta baya tsakanin gwangwanin gishiri da na barkono har sai da hannunta ya gane abin da kanta ya ƙi ganewa. "Sa hannunki a ƙasan sitiyari," in ji shi. "Inda kike so bayan ya je, can za ki kai hannun. Kaɗan-kaɗan. Ke matsalarki kin yi wayo da yawa, kina gyara kuskuren da ba ki yi ba tukuna." A mako na biyu ta shigar da tirela cikin layi karo na farko. Ya ce, "Ba laifi, Farfesa," ya juya baya don kada ta ga fuskarsa.

Kwana biyu bayan abin da ya faru a mota, ɗalibai suna ɗakin hutu sai Merle ya shigo da ayaba maimakon kofinsa. Gatluak Chuol, wani dogo mai 'ya'ya huɗu da ya baro mayanka don ya koyi tuƙi, shi ya fara.

"Tsoho, yau ina gahawar? Ko Arlene ta kama ka da laifi ne?"

"Likita," in ji Merle. "Ku buɗe kunne, wannan darasin ba ya cikin littafi. In ranar katinku ta matso, kwana bakwai ba gahawa, ba gishiri. Ayaba da tafarnuwa."

"Tafarnuwar kam mun ji ta tun kana ƙofa."

"Rufe mini baki, sandar tuta. Ranar ku je da wuri, ku kwantar da kujerar mota minti ashirin, ku tuna abu mai daɗi, sannan ku shiga a auna ku."

"Kai me kake tunawa?"

"Ranar da za ka gama ka bar mini makaranta."

Aka fashe da dariya, har da masu rubutawa a bayan littafi. Yesenia ba ta yi dariya ba. Amma da aka watse ta ji bakinta yana gaya masa cewa mahaifiyarta tana dafa zoɓo, kuma a gidansu an ce yana saukar da jini. Washegari ta kawo masa kwalba guda, ba sukari. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Tsami kamar surukata, Allah ya jiƙanta. Gobe ma ki kawo."

Ta riƙa kawowa kullum. Ta gaya wa kanta magani take ba shi.

Ranar Litinin da safe suna zagayen mota, Merle ya durƙusa ya nuna bayan taya da gorarsa, ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa. Ya sake buɗewa. Ɗalibai bakwai suna jira, sun ɗauka tambaya zai yi. Ya ɗago ido ya nemi Yesenia a cikinsu.

"Birki," ta ce da ƙarfi, kamar mai amsa tambaya. "A duba ko takalmin birki ya cinye, ko mai ya taɓa shi."

Ya gyaɗa kai, ya dafa taya ya miƙe. Gatluak ya ce, "Ƙanwata, ki bar mana ko da ɗaya mana." Ba wanda ya lura, ko kuwa haka ta zata.

Karo na uku abin ya same shi a kan babban titi ne, ranar Laraba, tana jan motar tsakanin gonakin masara da ake girbi. Ya yi shiru tsawon mil guda, hannun ya sake faɗuwa. Ta gangara gefen titi ta tsaya tana kuka. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara faɗa shi ne ta tsaya ba ta sa sigina ba.

Sau biyu ta je ƙofar ofishin shugabar makaranta, sau biyu ta juyo. Ta ce wa kanta ta yi alkawari, ta ce mutumin ya fi ta sanin jikinsa, ta ce ba a yin haka a wannan sana'a. Duk gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar da ba ta iya furtawa: in aka sauke Merle, za a mayar da ita wurin mai cewa ta nemi aikin tebur, kuma gwajinta saura mako guda.

Ranar Juma'a ya dawo daga wurin likita da kwalin burodin Cek mai 'ya'yan itace a tsakiya, wanda Arlene ta toya, yana kaɗa katin sama. Shekara guda. Aka tafa masa. Abin kunya, Yesenia ta ji sanyi a ranta, kamar katin ya tabbatar da cewa ba ta ga abin da ta gani ba. Ta same shi shi kaɗai wajen famfo.

"Takardar fa? Me ka cika?"

"Abin da kowa ke cikawa."

"Ka ce za ka je a duba ka."

"In kun gama, na ce. Ki ci burodi."

Ranar Alhamis ta mako na biyar aka yi mata gwaji. Malami ba ya shiga mota a ranar, don haka Merle ya tsaya bayan shingen waya, hannu cikin aljihu. Ta kira sunan kowane ƙarfe ba ta tsallake ko ɗaya ba. A wajen ribas ta yi shakka, ta ja birki, ta sauka tana fuskantar mota, ta zagaya ta duba, ta hau ta gyara kaɗan. Bayan ya shiga layi kamar an ja shi da zare. Da mai gwajin ya miƙa mata takardar cin gwaji bayan sun dawo daga titi, ta ruga wurin shingen.

"Na ga kin taɓa gefen kwalta a kwanar ƙarshe," in ji Merle.

"Ban taɓa ba!"

"Na sani. So nake in ga ko za ki yi gardama. Direba sai da gardama."

"Saura kai, Mista Dvorak. Na gama."

"Litinin zan kira asibiti." Ya ɗan yi tunani. "A'a, Litinin sabon aji ke farawa. Talata."

A ranar aka ba ta aiki a wani kamfanin jigilar hatsi, aka ce ta zo bayan kwana goma. Mahaifinta ya karɓi takardar ya daɗe yana juya ta, sannan ya manna ta a jikin firji.

Litinin da tsakar rana wayarta ta yi ƙara. Gatluak ne, ya je makaranta karɓar takardunsa. Muryarsa ba wasa a ciki. Ya ce tsoho yana tsaye gaban sababbin ɗalibai yana gaya musu su manta da motocinsu na gida, sai ya jingina da taya ya sulale ƙasa. Wannan karon bai dawo ba bayan minti uku.

A asibiti ta sami Gatluak tsaye a baranda, kusa da wata 'yar ƙaramar dattijuwa mai farin gashi da ke rungume da hular Merle da jaket ɗinsa. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma matar ta ɗago ta ce, "Ke ce Farfesa," ta janye jakarta daga kujera don ta zauna.

Bayan la'asar likita ta fito. Ta ce jini ne ya daskare ya toshe babbar jijiya a ƙwaƙwalwa, sun yi abin da za su iya. Sannan ta tambayi Arlene ko a 'yan makonnin nan ya taɓa samun wani abu da ya zo ya wuce: hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ido ya dushe. Ta ce irin wannan yakan aiko da alama kafin ya zo.

"Ko kaɗan," in ji Arlene. "Kwana goma da suka wuce ma likita ya ba shi kati. Lafiyarsa ƙalau."

Likita ta fara rubutawa.

"Ya samu," in ji Yesenia.

Duka suka juyo. Ta faɗi ranakun ɗaya bayan ɗaya, Talata, Litinin, Laraba, da hannun da abin ya kama, da tsawon mintunan. Ba ta manta ko ɗaya ba. Likita ta rubuta.

"Da mun kawo shi tun ran farko fa?" Yesenia ta tambaya.

"Akwai hoton da za mu ɗauka, akwai maganin da za mu ɗora shi a kai," in ji likita. "Sau da yawa yana hanawa. Ba zan ce miki tabbas ba."

Da ta tafi, Gatluak ya cire hularsa, yana kallon ƙasa.

"Mama, ni ma na gani. Sau ɗaya, a banɗaki. Ya kasa murɗa famfo. Ya ce sanyi ne, ya ce kada in zama mai surutu." Ya ɗago ya dube ta. "Na ɗauka ni kaɗai ne."

Arlene ta daɗe tana shafa bakin hular da babban yatsa. Leɓenta na motsi, tana ƙirga.

"Kwana ashirin," ta ce. "Kwana ashirin ina dafa masa abinci ba gishiri, ina murna jini ya sauka. Shekara talatin da tara ina tare da mutumin nan, na san duk dabarun da kuke yi kafin ku je wurin likita. Ni nake ɓare masa tafarnuwar." Ta juyo ga Yesenia. "Ke ce mai kawo masa jan ruwan nan a kwalba?"

"Ni ce."

"Da kansa yake wanke kwalbar. Ko kofinsa bai taɓa wankewa ba a gida." Ta yi kamar za ta yi murmushi, fuskar ta ƙi. "Ki je gida, 'yata. Ba korarki nake yi ba. Amma yanzu ba na iya kallonki."

Yesenia ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa sai Arlene ta kira ta, ta zaro tsohon ambulan daga jaka da biro, ta ce ta rubuta lambarta a baya.

Likita ta ce sai kumburin ƙwaƙwalwar ya sauka kafin su san ko zai farka, in ya farka kuma ko zai iya magana. Ta ce kwana uku, ko huɗu. Yau Laraba, kwana biyu ke nan. Yesenia tana gida, wayar tana kan tebur gabanta. Arlene ta ce za ta kira ko wane iri ne labarin. Ba ta kira ba tukuna.